Yadda hunturun Kano ya kusa kashe min murjani

Iska ta fara juyawa a satin nan, leɓe ya fara tsagewa, da safe sai ka tarar ƙura ta kwanta a gilashin mota, kuma ni duk shekara in na ga haka sai gabana ya ɗan faɗi saboda abin da ya same ni shekara biyu da suka wuce. Shi yasa nace bari in zauna in rubuta shi tun daga farko, ko Allah zai sa ya amfani wani mai tankin ruwan teku na kiwon murjani ko mai niyyar haɗawa, domin mu masu wannan harka a nan Arewa ba mu da yawa, kuma yawancin shawarwarin da muke bi daga mutanen Jamus da Amurka suke fitowa, su kuwa ba su san wani abu wai shi hunturu irin namu ba.

Tankina tsawonsa mita 2 ne, faɗi santimita 75, tsayi 70, da wani ƙaramin tanki a ƙasansa inda famfuna da sikima (na'urar da ke cire datti daga ruwan ta hanyar kumfa) suke, in ka cire wajen da duwatsu da yashi suka cinye ruwan da ke zagayawa ya kai lita 1,000 ko kusa da haka, to da 1,000 ɗin nake duk lissafina. Ranar da Hajiya ta fara ganinsa nace mata murjani ne ta daɗe tana kallo sannan tace "kai ɗan nan, murjanin da na sani ja ne ana ɗaurawa a wuya, wannan ai itatuwa ne." Kuma tana da gaskiyarta, jan murjanin da iyayenmu suke ado da shi ƙashin wata halitta ce 'yar uwar waɗannan, wadda aka fi samu a tekun Bahar Rum. Nawa dai masu rai ne, dabbobi ne ƙanana ƙanana da suke zaune a jikin dutsen da su da kansu suke ginawa, kuma kayan ginin daga cikin ruwan suke ɗiba dare da rana.

Kayan ginin nan guda biyu ne, kalshiyam da kabonet, in sun haɗu su ba da irin sinadarin alli, shi ne ƙashin murjani. Kalshiyam kowa ya san shi ko a wajen maganar ƙashi da haƙori. Ɗayan kuma muna auna shi da sunan alkaliniti, wato ƙarfin da ruwa yake da shi na shanye asid ba tare da ya yi tsami ba, kuma a ruwan teku kusan duk wannan ƙarfin daga baikabonet da kabonet yake zuwa, shi yasa in ka auna alkaliniti kamar ka leƙa rumbun kabonet ne kaga saura nawa. Ruwan teku na asali mai gishiri 35 cikin dubu yana ɗauke da kalshiyam wajen 420 ppm (wato kashi 420 cikin miliyan), alkaliniti wajen 7 dKH (dKH shi ne ma'aunin alkaliniti), magnesiyam kuma wajen 1,280 ppm. A teku ba wanda yake damuwa, ruwa ne iya ganinka, amma a falo cikin gilashi abin da suka ci ya tafi kenan sai in kai ka mayar.

Ga wajen da na daɗe ban gane ba, kuma da na gane shi da wuri da ban yi asarar da na yi ba. Murjani ba ya cin ɗaya ya bar ɗaya, tare yake ɗibarsu a kan ƙa'ida, duk dKH 1 da ya sauka kalshiyam wajen 7 ppm ne yake tafiya da shi. To duba mana, in alkalinitinka 8 ne ya sauka zuwa 7 ai ka rasa ɗaya bisa takwas na rumbunka a yini guda, amma 7 daga cikin 420 ko kashi 2 cikin ɗari bai kai ba, kayan gwajin kalshiyam na gida ma kuskurensu ya fi haka. Ni kuwa a farko kalshiyam nake ta aunawa ina jin daɗi wai 430, 425, 430, komai lafiya, alhali alkaliniti yana can yana hawa yana sauka kamar farashin kaya a kasuwa ban sani ba. Murjani masu ƙananan baki irin su Acropora za su iya zama lafiya a 7, za su iya zama lafiya a 9, abin da ba sa yafewa shi ne yau 7 jibi 10.

Shekarar farko ban sha wahala ba sam, murjani masu laushi ne da 'yan Euphyllia guda uku, canjin ruwa na lita 100 duk sati biyu ya ishe su. Da na fara saka Montipora da Stylophora sannan Acropora, ga gansakukar nan mai tauri mai launin hoda ta mamaye duwatsu da bayan gilashi (ita ma kayan ginin nan take ci, kuma ba kaɗan ba), ga ƙumbar teku ta Tridacna guda ɗaya, sai canjin ruwa ya daina riƙewa. Daga nan na koma kalkwasa. Kalmar Jamusanci ce, ma'anarta ruwan farar ƙasa, kuma wani masanin harkar mai suna Peter Wilkens ne ya yaɗa amfani da shi tun shekarun 1970. Garin kalshiyam haidiroksaid ne kake damawa a ruwan da aka tace, wajen gram 1.5 a lita shi ne iyakar abin da ruwan zai iya narkarwa, ka bar shi ya kwanta ka yi amfani da garau ɗin na sama. Daɗinsa yana ba da kalshiyam da alkaliniti daidai gwargwadon yadda murjani ke ci, ba ya tara gishiri, ga araha, ga shi yana ɗaga pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, in lambar ta yi ƙasa ruwan ya fi tsami. Amma pH ɗinsa ya haura 12, yana ƙona ido da fata, dan Allah mai yara a gida ya rufe shi ya ɗaga sama.

Lissafinsa shi ne, lita ɗaya ta kalkwasa da ya ƙoshi tana ƙara wa tankin lita 1,000 kamar 0.11 dKH, kenan lita 9 ko 10 ne suke ba da dKH 1. Kuma ba za ka iya zuba fiye da ruwan da iska ta shanye daga tankin ba, in ba haka ba ya cika ya tumbatsa gishirinsa ya yi ƙasa. Saboda haka abin da mutane da yawa suke yi, kuma ni ma na yi, shi ne su dama kalkwasan a cikin duron da na'urar cike gurbi take ɗiba, duk sanda ruwa ya ragu famfo ya tashi ya cike da kalkwasa, jifa ɗaya tsuntsu biyu. Da damina tankina lita 5 yake rasawa a rana saboda iskar a jiƙe take, wato 0.55 dKH, murjanina kuma a lokacin suna cin kusan 1 a rana, sai nake cike sauran da gram 15 na bekin soda kullum da ɗan kalshiyam kuloraid da hannu. Abin ya zauna min a 8 tun daga Yuli har Oktoba, har na rage yawan gwaji na koma sati sati, nan ne kuskuren ya shigo kuma nawa ne ni kaɗai.

A Disamba tafiya ta kama ni ta kwana bakwai, na bar wa ƙanina amanar tankin, na auna masa soda a ƙananan leda guda bakwai, na nuna masa yadda zai dama kalkwasa in duron ya yi ƙasa. Yaron nan bai saɓa ko ɗaya ba. A kwana na huɗu ya kira ni yace "Yaya, duron nan fa yana saurin ƙarewa, jiya na cika yau ya kusa rabi." Nace masa ba komai hunturu ne, ka dai riƙa cikawa kana damawa kamar yadda na nuna maka. Wallahi har na kashe wayar hankalina bai kai ga abin da maganar take nufi ba, ina can ina tunanin kar famfo ya ja iska. A kwana na shida ya sake kira, muryarsa ta canza, yace "Yaya ruwan ya yi fari fari kamar an ɗiga koko, kuma masu rassan nan kawunansu sun yi fari."

Da na dawo ko jaka ban ajiye daidai ba na ɗauko kayan gwaji. Alkaliniti 12.5. Na sake, 12.5. pH da yamma 8.6. Na auna abin da tankin ke rasawa a kwana ɗaya sai na ga lita 13, kusan ninki uku na damina, ga busasshiyar iska ga fankar da na manta ban cire daga taima ba tun lokacin zafi tana ta hura saman ruwan. Kenan kullum kalkwasa yana shigar da wajen 1.4, soda yana ƙara 0.5, murjani suna cin 1, ragowar tana taruwa. Da ya yi wa ruwan yawa sai ya fara zubar da shi a matsayin alli, hita ta yi farin ɓawo, farfelar famfon da ke mayar da ruwa sama ta kama tana kuka, domin allin nan wajen da ke da ɗumi ya fi son kamawa, yashin ƙasa ma wani wajen ya dunƙule ya zama kamar siminti. Acropora guda biyar kan rassansu ya ƙone, naman ya zame ya bar farin ƙashi, kuma dama tankina ba shi da naitiret da fosfet sosai (sinadaran da ragowar abinci da kashin dabbobi ke barwa a ruwa), irin wannan ruwan in alkaliniti ya hau shi ya fi saurin ƙona kan rassa.

Abin da zuciyata ta fara raya min shi ne in canza rabin ruwan a daren nan in dawo da shi 8. Allah ya taimake ni na fara kiran wani dattijo da ya koyar da mu kemistiri a sakandare, ya yi ritaya amma har yanzu in abu ya ɗaure min shi nake nema, bai taɓa kiwon murjani ba amma ruwa dai ya san shi. Na zayyana masa komai ya saurara, sannan yace "to kai yanzu hawan ne ya ji musu ciwo ko lambar?" Nace hawan ne Malam. Yace "to in ka sauke shi dare ɗaya ai ka sake yi musu wani hawan ne ta ƙasa, ka cire hannunka kawai, su da kansu za su cinye shi." Haka na yi. Na zubar da kalkwasan duron na wanke na zuba tataccen ruwa zalla, na daina soda, na kashe fanka, na jiƙa famfon a ruwan khal ya saki, sannan na koma gwaji safe da yamma. Ya riƙa sauka kamar 0.6 zuwa 0.8 a rana, ba 1 ba, saboda murjanin da ya sha wahala cinsa raguwa yake yi, wannan ma darasi ne, in kaga cin alkaliniti ya ragu haka kawai ba ka canza komai ba to je ka duba dabbobinka da kyau wani abu na damunsu. Cikin sati ɗaya muka dawo 8.5. Uku daga cikin biyar ɗin sun warke bayan na yanke wajen da ya mutu, biyu kuwa naman ya ci gaba da zamewa daga ƙasa har suka ƙare, ɗaya a cikinsu shuɗiya ce da na rena tun tana kamar ɗan yatsa, shekara biyu ina kallonta kullum, har yau ƙashinta yana kan teburina ban iya yarwa ba.

Gyaran da na yi ba wani mai tsada bane. Na raba aure tsakanin cike gurbi da kalkwasa. Duron cike gurbi ruwan RO ne kawai yanzu, wato wanda na'urar tace ruwa ta RO ta tace, iska ta sha lita 5 ko ta sha 15 matsalarta ce. Kalkwasa kuma yana wani mazubi daban mai murfi, famfon ɗigo yana tura lita 4.5 daidai kowace rana, rani da damina, na zaɓi wannan adadin ne don ya zama ƙasa da mafi ƙarancin abin da tankin ke rasawa a watan Agusta. Kuma da dare yake ɗiga daga ƙarfe 11 zuwa asuba, don lokacin ne pH yake faɗuwa tunda fitila a kashe take ba mai shan iskar kabon, ita kuwa in ta taru tsami take sa ruwa, musamman mu da muke rufe tagogi saboda ƙura ko saboda AC, numfashin mutanen gida kaɗai ya isa ya danne pH ɗin tanki. Duk wanda yake zaune daga Kaduna zuwa Damagaram ina roƙonsa kar ya haɗa kalkwasa da na'urar cike gurbi, wannan dabarar ta inda iska ba ta canza hali sosai ce.

Bayan tankin ya murmure girma ya dawo da ƙarfi, lita 4.5 ɗin nan rabin dKH ce kawai, ba ta kai ko'ina ba, sai na koma ruwa biyu, wato kalshiyam kuloraid a jarka ɗaya, soda a ɗaya jarkar, kowanne da famfon ɗigonsa. Wani Bajamushe Hans-Werner Balling ya wallafa tsarinsa a 1994 wanda ya ƙara da kaso na uku na gishirin teku marar sodiyam kuloraid, sannan wani masanin kemistiri Ba'amurke Randy Holmes-Farley ya koya wa mutane yadda za su haɗa nasu a gida, yawancinmu a kan aikin mutanen nan biyu muke tafiya. A lita 1,000, gram 30 na bekin soda yana ɗaga dKH 1, gram 26 na kalshiyam kuloraid mai ruwa biyu a jikinsa yana ba da 7 ppm ɗin da ke tafiya da shi. In pH ɗinka yana ƙasa kana iya gasa sodan a obin awa ɗaya a kan digiri 150, ya saki ruwa da iskar kabon ya koma sodiyam kabonet, shi gram 19 ya isa dKH 1 kuma yana ɗaga pH. Kar ka kuskura ka haɗa jarkokin biyu ko ka bar su su ɗiga waje ɗaya lokaci ɗaya, nan take za su koma alli, ni rabin awa nake bari a tsakani kuma a inda ruwa ke gudu sosai. Kalshiyam kuloraid yana zafi in ana narkar da shi, a zuba shi cikin ruwa a hankali, kuma da damina in ka bar buhun a buɗe zai sha danshi ya narke ya ɓata maka awo.

Wata rana Hajiya ta same ni ina auna soda a sikeli ta tambaya mene ne, na yi mata bayani, tace "to ai kanwa kenan, ga ta nan a kicin kake wahalar da kanka." Na kai wa Malam maganar yace Hajiya ba ta yi kuskure ba, kanwa irin su ungurnu da ake kawowa daga yankin tafkin Chadi ai sodiyam kabonet da baikabonet ne a cikinta, gida ɗaya suke da abin da nake zubawa. Sai dai tana zuwa da yashi da gishiri da wasu abubuwan da ba ka san adadinsu ba, kowane dunƙule da nasa ƙarfin, ba za ka iya lissafi da ita ba. A miyar kuka ko a tuwo ba matsala, a tankin Acropora kuwa ban yarda ba, haka ma ruwan rijiyar burtsatse ban yarda ya shiga ba sai ya bi ta RO da matacin ƙarshe na'urar auna tsaftar ruwa ta nuna 0.

Inda ruwa biyu ya fara gajiyar da ni shi ne da cin tankin ya kai 2.5 dKH a rana. Ko da kalkwasa yana ɗauke rabin dKH, saura 2 ɗin nan gram 60 ne na soda da gram 52 na kuloraid kullum, a wata kusan kilo biyu na ɗaya da kilo ɗaya da rabi na ɗayan, kuma ga abin da ba a cika faɗa ba, murjani yana ɗauke kalshiyam da kabonet ya bar maka sodiyam da kuloraid, wato gishirin miya, wajen gram 40 kullum, a wata ya ɗaga gishirin tankin da fiye da 1 cikin dubu. Dole ka riƙa ɗebe ruwan tanki kana mayar da RO, in ka yi hakan kuma sauran sinadarai irin su fotashiyam da salfet suna raguwa a hankali sai canjin ruwa ya gyara. A ƙaramin tanki ba za ka ji ba, a babba kuwa aiki ne.

Shi yasa bara na haɗa riyakta. Wani dogon mazubi ne cike da tsakuwar aragonait, wato dai ƙashin murjani da ya daɗe da mutuwa, ruwan tanki yana zagayawa a ciki, kana sakar masa iskar kabon daga silinda kumfa kumfa har pH ɗin cikin ya sauka wajen 6.5, sai tsakuwar ta riƙa narkewa, ruwan da ke ɗigowa daga ciki ya koma tanki ɗauke da kalshiyam da alkaliniti daidai ƙa'ida tunda abin da wani murjanin ya gina ne ake warwarewa a ba wani. Ba ya tara gishiri, kuma in ya zauna sai ka yi wata uku ba ka taɓa shi ba. Amma kafin ya zauna sai da na yi kusan sati biyar, don abu biyu ne kake wasa da su, yawan kumfa da saurin ɗigo, kuma in ka taɓa ɗaya dole ka jira kwana biyu ko uku kaga sakamako kafin ka sake taɓa wani, mai gaggawa ba zai ji daɗin riyakta ba. Yana danne pH ɗin tanki saboda ragowar iskar da ke fita tare da ruwan, shi yasa ban cire kalkwasa ba, ɗaya na ja ƙasa ɗaya na ja sama, nawa yana yawo tsakanin 7.9 da asuba zuwa 8.2 da yamma kuma na gamsu da hakan.

Sai maganar wuta, wadda ita ma tamu ce. Bawul ɗin lantarki da ke buɗe wa iskar hanya dole ya kasance layi ɗaya da famfon riyaktan, in an ɗauke wuta su mutu tare, in ta dawo su tashi tare. In famfo ya tsaya iska na ta shiga, tsakuwar za ta dame ta zama kamar kunu, ranar da famfon ya tashi ya kwararo maka shi cikin tanki. Ni na ɗora su duka a kan inbata da sola tare da famfunan zagaya ruwa, na'urar sanyaya ruwa ce kawai take jiran babbar wuta ko janareta. Kuma silinda biyu nake da su, don ranar da ɗaya ta ƙare tankin da ke cin 2.5 a rana kwana biyu kawai yake buƙata ya faɗo daga 8 zuwa inda ba a so.

Magnesiyam ba na auna shi sai wata wata amma ba na wasa da shi. Shi ne yake hana kalshiyam da kabonet su haɗu su zube tun kafin su kai ga murjani, yana manne wa ƙananan ƙwayoyin allin da suka fara fitowa ya hana su girma. In kaga kana ta zuba kaya lambobi sun ƙi hawa, famfuna kuma suna ta yin ɓawo, duba shi. Ɗaga shi yana cin kaya, 100 ppm a tankina kusan gram 840 ne na magnesiyam kuloraid, ina raba shi kwana uku ko huɗu. Amma kafin ma ka zargi magnesiyam duba gishirinka, akwai lokacin da na ga kalshiyam 385 magnesiyam 1,170 na ɗauka wani abu ne babba, ashe ma'aunin gishirina ne ya goce, yana nuna 35 alhali ruwan 32 ne, in gishiri ya yi ƙasa komai ƙasa zai yi tare. Yanzu duk wata sai na daidaita shi da ruwan gwaji na 35.

Kayan gwajin alkaliniti kuwa iri biyu nake ajiyewa, na Salifert mai sirinji da ƙaramar na'urar Hanna, in lamba ta ba ni mamaki sai na tabbatar da ɗayan kafin in taɓa komai. Ina ajiye su a ɗaki mai sanyi saboda zafin Afrilu da ke haura digiri 40 ba ya barin sinadari lafiya, kuma lokaci ɗaya nake gwaji kullum, bayan sallar asuba, don lambar tana ɗan motsi tsakanin dare da rana. Akwai na'urori irin su Trident masu auna maka da kansu sau da yawa a rana su turo maka a waya, ina sha'awarsu, amma sinadarinsu sai an yi oda daga waje kuma in ya yanke maka shikenan, ni dai littafina da biro sun riƙe ni. Sau biyu a shekara ina ba wani mai tafiya Turai ɗan kwalbar ruwa a kai ɗakin gwaji na ICP don in ga ƙananan sinadaran da ba na iya aunawa a gida.

Wani dare na zauna na lissafa, 2.5 dKH a lita 1,000 yana nufin dabbobin nan suna gina wajen gram 45 na dutse kullum, a shekara kilo 16, a cikin falona, daga ruwan da in ka kalle shi garau yake ba ka ganin komai. Sai na tuna dutsen Kalambaina na Sakkwato da ake yin siminti da shi, wanda masana suka tabbatar a ƙarƙashin teku ya taru wajen shekara miliyan 60 da suka wuce lokacin da ruwan teku ya ratso ta Sahara, har yau ana tsintar ɓawon halittun ruwa a cikinsa. Na daɗe a zaune a gaban gilashin ina tasbihi, iko sai Allah.

Ƙanina ya daɗe yana jin nauyin abin da ya faru duk da na sha gaya masa ba laifinsa bane, abin da aka ce ya yi shi ya yi. Yanzu shi ya fi ni iya riƙe sirinjin ma, hannunsa ba ya rawa, in na yi tafiya kullum da safe zai turo min lamba ɗaya a WhatsApp, kuma mun yi yarjejeniya in ta wuce 8.5 ko ta gaza 7.5 ya kira ni ko ƙarfe nawa ne. Shekaranjiya 8.1, jiya 8.0, yau 8.1. Ruwan da tankin ke rasawa ya tashi daga lita 6 zuwa 10 a cikin kwana goman nan, na cire fanka daga taima tun ranar Asabar, na kuma ƙara jarka biyu ta RO a gefen duron.